Kada Yunwa Ta Riƙe Muku Alƙalami

Ƙannena masu zanen gine-gine da injiniyoyi, maza da mata, da ku nake. Ku da kuka baro Samaru ko Bauchi ko Minna ko Kano da takardar shaida a hannu, kuka gama bautar ƙasa, kuka yi 'yan shekaru a ƙarƙashin wani, yanzu kuma zuciya ta fara raya muku ku buɗe naku ofishin. Na san abin da aka koya muku a makaranta. An koya muku lissafin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka, da kaurin rodin da ya dace da dakin, da yadda za a juya gini ya ba rana baya iska kuma ta ratsa shi. Abin da ba a cika zaunar da ku a kansa ba shi ne yadda ofis zai biya albashi a watan da babu wanda ya biya shi ko sisi. Da yawa ma sun taso suna ganin maganar kuɗi ƙasƙanci ce ga mai ilimi, wai aikin 'yan kasuwa ne. Ina roƙonku ku ajiye wannan tunani tun yau, domin yana kashe kamfani, wani lokaci kuma yana kashe mutane.

Ranar 1 ga Nuwamba 2021, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufta. Sama da mutum 40 suka rasu, akasarinsu ma'aikata da suka fito neman abin sawa a bakin salati, har da shi mai ginin. Bayan nan jaridu suka fito da wata wasiƙa da wani kamfanin injiniyoyi ya rubuta wa mai ginin tun watan Fabrairu 2020, yana sanar da shi cewa ya janye hannunsa daga aikin. Jama'a sun yaba wa injiniyan da ya rubuta ta, kuma ya cancanci yabo. Ni tambayar da nake so ku yi wa kanku ita ce: da ku ne a kujerarsa, ma'aikata suna binku albashin wata uku, mai gidan haya yana tsaye a ƙofa, wannan aiki kuma shi kaɗai ne a hannunku, za ku iya rubuta irin wannan wasiƙa? Kada ku yi saurin cewa e. Mutanen kirki da yawa sun sa hannu a kan abin da zuciyarsu ba ta kwanta da shi ba, ba don sun jahilci lissafi ba, sai don ba su da halin rasa aikin. Duk abin da ake kira dabarun tafiyar da kamfani, a wannan sana'a tamu, nan ya tattaru: ku tsara ofishinku ta yadda ranar da ya kamata a ce a'a za a iya faɗa, gobe kuma a buɗe ofis.

Ku fara da gane abin da kuke sayarwa. Ba takarda ba ce, domin yau yaro mai kwamfuta zai zana muku gida mai kyan gani cikin dare ɗaya. Abin da ake biya kuɗi a kansa shi ne sa hannunku da hatiminku, wato alkawarin cewa mutum mai ilimi ya duba wannan abu, kuma ya yarda a kama shi in ya faɗi. Saboda wannan aka kafa hukumar ARCON a 1969 domin yi wa masu zanen gine-gine rajista, aka kafa COREN a 1970 domin injiniyoyi. To amma akwai wata mummunar ɗabi'a da kowa a sana'ar ya sani: wani ya zana, ya kawo wa mai lasisi, ya ba shi ɗan abin hasafi, shi kuma ya buga hatimi ba tare da ya buɗe shafi na biyu ba, a kai wa hukumar tsara birni irin KNUPDA ko KASUPDA a karɓo izini. Wanda yake yin haka yana sayar da jarinsa kaf a kan kuɗin cefanen mako ɗaya. A Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana tsakiyar karatu, aka rasa rayuka 22, galibi yara. Duk lokacin da aka miƙo muku zanen da ba ku lissafa ba, ku tuna akwai yaran da za su zauna a ƙarƙashin wannan dakin, iyayensu kuwa ba su taɓa jin sunanku ba amma ku suka ba amana.

Maganar takardu ba zan daɗe a kanta ba. Ku yi rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, dokar kamfanoni ta 2020 ta ma sauƙaƙa, mutum ɗaya zai iya buɗe ƙaramin kamfani. Ku yi wa kamfanin rajista da hukumar sana'arku, ku biya haraji a kan lokaci, ku nemi akanta ko da na wucin gadi ne. Abu ɗaya kawai zan jaddada: asusun kamfani daban, aljihunku daban. Ku yanka wa kanku albashi kamar kowa. Ofishin da maigida yake zaro kuɗin suna da na biki da na makarantar yara kai tsaye daga asusunsa ba zai taɓa sanin ko riba yake ci ko uwar kuɗi ba.

Inda na fi so mu zauna shi ne farashi, domin nan ne akasarin sababbin ofisoshi suke mutuwa suna tsaye. Matashi yakan duba abin da na kusa da shi yake karɓa, ya rage kaɗan, ya ce ai ya samu aiki. Bai taɓa zama ya lissafa nawa awa ɗaya take ci a ofishinsa ba. A ce kuna biyan matashin injiniya Naira dubu 250 a wata. Ba duk lokacinsa yake tafiya a kan aikin da wani zai biya ba: akwai rubuta takardun neman aiki, akwai taro, akwai ranar da babu wuta, akwai hutu da rashin lafiya. A kansa kuma akwai haya, da man janareta, da intanet, da lasisin manhaja, da kuɗin mota zuwa wurin aiki, da albashin mai gadi da sakatare waɗanda ba su zana komai amma ofis ba ya tafiya sai da su. Shi ya sa a wuraren da aka daɗe ana wannan lissafi, abin da aka saba shi ne kuɗin da ake karɓa a kan awar ma'aikaci ya kai kusan ninki uku na abin da ake biyansa. In kun yi naku lissafin za ku ga wasu ayyukan da kuke murnar samu ku ne kuke biya a ba ku su. Kowa a ofis, har maigida, ya riƙa rubuta awannin da ya kashe a kan kowane aiki. Da farko za su yi ƙorafi. Bayan wata shida za ku san wane irin aiki ne yake ciyar da ku, wanne ne yake cinku.

Sai kuma «ɗan zana mini in gani». Kun san shi. Alhaji zai kira ku, ya nuna fili, ya ce a ɗan yi masa wani abu ya duba tukuna. Ku kwana uku kuna aiki, ya karɓa ya yi godiya, bayan wata biyu ku wuce ku ga birkila yana haƙa harsashi da zanenku a hannu. Tunanin farko shi ne mafi tsadar abin da ke cikin aikin, shi ne kuma kuke kyautarwa. Ku nemi kafin alƙalami, ko yaya yake, kafin ku ja layi ɗaya. Wanda ya ƙi biyan kaɗan a farko ba zai biya mai yawa a ƙarshe ba. In ɗan'uwa ne ko surukinku, kuma kun yi niyyar taimako, ku yi masa domin Allah, amma ku faɗa masa nawa aikin yake, ku ce kun yafe. Kyautar da aka san darajarta tana ƙara zumunci, wadda ba a sani ba takan jawo a ce ku sake zanen sau biyar.

Duk yarjejeniya ta zama a rubuce, ko shafi biyu ne: me za ku yi, me ba ya cikin aikinku, sau nawa za a iya canza zane, sau nawa za ku je duba aiki a wata, da lokacin da za a biya kowane kaso. Ku raba kuɗin bisa matakai, kada ku miƙa zanen aiki na ƙarshe alhali ba a biya na matakin baya ba. Ranar da aka ce Hajiya ta ga wani gida a Abuja tana so a ƙara ɗaki a sama, ku amsa da fara'a, ku rubuta abin da ƙarin zai ci na kuɗi da lokaci, a sa hannu kafin a taɓa komai. Kunya ita ce take hana mu yin haka, muna ganin kamar rashin yarda ne. Ni kuwa na ga takarda tana tsare mutunci fiye da yadda take zubar da shi, domin rigimar da ake yi gaban alƙali kusan kullum a kan abin da aka faɗa da baki ne.

Ku sa maganar tashin farashi a ciki. Wanda ya yanke kuɗin aikin shekara biyu a farkon 2023 ya ji a jikinsa: aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki Naira a Yuni, dalar da take ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,400 a farkon 2024, buhun siminti kuma ya wuce Naira dubu 10 a garuruwa da dama. Kuɗin da aka tsayar a takarda bai motsa ba, amma mai da haya da manhajar da ake biya da dala duk sun tashi. Aikin da zai wuce shekara, a rubuta cewa za a sake duba kuɗinsa.

Ko babban gwani bai tsira daga matsalar kuɗi ba. Jørn Utzon, ɗan ƙasar Denmak, ya ci gasar zana babban ɗakin wasanni na birnin Sydney a Ostireliya a 1957. An fara gini a 1959 tun zane bai kammala ba, saboda 'yan siyasa suna sauri. An ƙiyasta dala miliyan 7 ta ƙasar, aka ƙare a miliyan 102. Da gwamnatin jihar ta canza a 1965, sabon ministan ayyuka ya riƙe masa kuɗi, har Utzon ya kai ga ajiye aikin a 1966 ya bar ƙasar. An buɗe ginin a 1973, shi kuwa bai sake komawa ya gan shi da idonsa ba har ya rasu. Ginin da duniya ta san ƙasar da shi ke nan. In riƙe kuɗi ya iya raba irin wannan mutum da aikin rayuwarsa, ku yi tunanin ƙaramin ofis a Zoo Road ko Kawo wanda duk abincinsa yake hannun ma'aikata ɗaya.

Ba cewa nake ku guji aikin gwamnati ba. Manyan ayyukan hanya da ruwa da asibiti da makaranta can suke, kuma al'ummarmu tana bukatar hannun ƙwararru a kansu. Ku shirya takardunku yadda dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanada, shaidar haraji da ta fansho da sauransu, ku shiga takara. Amma ku shiga da sanin cewa kuɗin yana iya kwana shekara, kuma in mulki ya canza hannu fayil yana iya ɓata. A ganina, duk ranar da mutum ɗaya ko ma'aikata ɗaya ta zama ita ce fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigo muku, ku fara neman wasu ƙofofin tun kafin wannan ta rufe. Kuma duk kuɗin da ya shigo a ware wani abu, har sai an tara abin da zai riƙe ofis wata huɗu ko shida ba tare da an biya ku komai ba. Kafin sabuwar mota, kafin kujerun fata. Wannan ajiyar ita ce za ta ba ku bakin magana ranar da aka ce ku rage rodi, ko ku sa hannu cewa an kammala aikin da ba a kammala ba. A irin wannan ranar, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma kuɗin da zai zo muku da murmushi. Ɗan kwangilar da kuke sa wa ido zai aiko da rago lokacin Sallah, mai sayar da tayil zai ce akwai la'adarku in kun rubuta kayansa. Ku tuna mai gini ya ɗauke ku ne ku zama idonsa a kan waɗannan mutane. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da kankare ya faɗi gwaji, ba za ku iya cewa a fasa a sake ba. In kuna son yin kwangila, ku yi ta a fili, mai aiki ya sani, wani daban kuma ya duba ku.

To wane aiki za a san ku da shi? Sabon ofis yakan karɓi komai, kuma ba laifi a farko. Amma wanda ya tsaya a «muna yin komai» farashi kawai za a riƙa gwada shi da shi, kullum kuma akwai mai karɓar ƙasa da nasa. Ku dubi Mariam Issoufou a Nijar. Kimiyyar kwamfuta ta fara karantawa kafin ta koma zanen gini, ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014. Ba ta shiga tseren gilashi da ƙarfe ba. Ta riƙe ginin ƙasa, bulon da ake matsewa da inji, wanda yake riƙe sanyi a wurin da zafi ya fi ƙarfin fanka. A garin Dandaji na jihar Tawa, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da magina na yankin. Yau daga ƙasashen waje ake nemanta. Francis Kéré na Burkina Faso da makarantar firamare ta ƙauyensu Gando ya fara a 2001, a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker ta masu zanen gine-gine. Matsalar da ke ƙofar gidansu suka ƙware a kanta. Mu ma tamu tana nan: zafi, ƙarancin ruwa, wutar rana, noman rani, magudanai. Wanda ya ga abin da ya sami Maiduguri a Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ya san ƙasar nan tana bukatar ofisoshin da suka san ruwa ciki da bai.

Yanzu ga mutanen da za su zauna a ƙarƙashinku. Albashinsu ya riga naku fita. Ku taimaka musu su cika sharuɗɗan rajista, ku sa musu hannu a kan lokaci, kada ku danne su don tsoron za su tafi. Wasu za su tafi, kuma wanda ya tafi da daɗin rai shi ne zai turo muku aiki gobe. Injiniya mace ku tura ta wurin aiki kamar kowa, ku tsaya mata a gaban 'yan kwangila har su san maganarta maganar ofis ce. Birkila da kafinta da mai ɗaura rodi ku saurare su, sau da yawa su suke fara ganin abin da ba zai yiwu ba a zanenku.

Amma babban aikin shugaba shi ne ya gina ofishin da ƙarami zai iya cewa «Ranka ya daɗe, ina ganin akwai kuskure a nan», kuma ya kwana lafiya. Wannan yana mana wuya, domin an tarbiyyantar da mu kan kada a gyara wa babba, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure. A ɗakin lissafi tana iya zama ajali. A Yuli 1981, a otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas a Amurka, wasu gadoji biyu masu rataye a cikin zauren otal suka faɗo kan jama'a, mutum 114 suka mutu. Zanen asali ya nuna sandar ƙarfe ɗaya ta sauko daga rufi ta riƙe gadojin biyu. Masu ƙera ƙarfen suka ga zai fi sauƙi a yi sanda biyu, gadar ƙasa ta rataya a jikin ta sama. Wannan ɗan canji ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama. Zanen ya bi ta ofishin injiniyoyi ya fito da hatimi ba tare da an sake lissafi ba, daga baya aka ƙwace lasisinsu. Shekara uku kafin haka, a 1978, injiniya William LeMessurier ya sami tambaya daga ɗalibi a kan benen Citicorp mai hawa 59 da ke New York, wanda aka riga aka gama mutane suka shiga. Bai yi fushi ba, ya koma ya sake lissafi. Sai ya gano cewa da yake an ɗaure mahaɗan ƙarfen da kusoshi maimakon walda, iska mai ƙarfi in ta bugo ta kusurwa tana iya kayar da ginin. Da ƙafarsa ya je ya faɗa wa masu ginin, aka yi ta waldar faranta na ƙarfe da daddare har aka gyara. Ku sa doka a ofishinku cewa babu lissafin da zai fita sai wani daban ya duba shi, har da na maigida, kuma duk canjin da ya taso daga wurin aiki a ɗauke shi kamar sabon zane.

Abu na ƙarshe shi ne wanda matashi ba ya son ji. Ku duba ofisoshi nawa kuka sani a Arewa da suka yi suna a zamaninsu, mai su ya rasu, aka rufe ƙofa. Ana gadon gida da gona da kuɗin banki, amma ba a gadon lasisi. In 'ya'yan mamaci ba 'yan sana'ar ba ne, kuma bai ɗaga kowa cikin ma'aikatansa ya zama abokin tarayya ba, ayyukan da ke hannu sukan watse, ma'aikata su kama gabansu, zane-zanen shekara talatin su ƙare a hannun masu ƙosai. Ove Arup ya kafa kamfaninsa na injiniyoyi a Landan a 1946, su ne suka yi lissafin wancan gini na Sydney. A 1970 ya tara abokan aikinsa ya yi musu jawabi kan manufar kamfanin da yadda ya kamata ya ci gaba bayan su, daga baya kuma aka mayar da mallakarsa amana domin amfanin ma'aikata. Ya rasu a 1988, kamfanin yana nan yana aiki a ƙasashe da dama.

Ba sai kun kwaikwayi tsarinsu ba. Amma in ku biyu ko uku ne za ku buɗe ofis, tun kuna shiri da juna, tun babu kuɗin da za a yi faɗa a kai, ku je wurin lauya da malamin da ya san rabon gado. A rubuta kason kowa, da wanda zai sa hannu a banki, da yadda za a yanke hukunci in an saɓa, da yadda za a ƙiyasta kason wanda ya so fita. A rubuta yadda za a biya magada haƙƙinsu cikakke in ɗayanku ya rasu ba tare da an sayar da kwamfutocin ofis ba, da sharaɗin da ma'aikaci zai cika kafin a sayar masa da kaso. Duk shekara biyu ko uku ku ɗauko takardar ku sake karanta ta tare, ku gyara abin da ya canza.